Kundin aikin binciken kamfani kafin sayen hannun jari: Aboabo, Kumasi, 2025

Asabar, 1 ga Fabrairu

Zama na farko, bayan La'asar, a wani ajin Islamiyya a Aboabo. Mu bakwai ne, kowa ya ware sidi 2,000 na kuɗin Ghana daga kwasar adashi, jimilla 14,000. An yanke cewa ba za a taɓa kuɗin ba sai bincike ya kammala, kuma kuɗin haya, kuɗin makarantar yara da jarin shago ba sa shiga wannan harka. A kundin nan da sabon sidi ake lissafi. Tun 2007 aka cire sifili huɗu, amma har yau a Zango ana kiran 2,000 "miliyan ashirin", kuma wannan ya isa ya rikita lissafin farashi.

Aikin farko shi ne tantance wanda za a bi ta hannunsa. Hannun jarin Kasuwar Hannun Jari ta Ghana, wato GSE, wadda ta fara ciniki a Nuwamba 1990 kuma take Cedi House a Accra, ba a sayensa sai ta hannun dillali mai lasisi. Hukumar SEC, mai sa ido kan harkar hannun jari a Ghana, tana wallafa sunayen masu lasisi a shafinta. Duk wanda ba ya cikin jerin, komai kyan ofishinsa, an bar shi. Ko mai lasisin ma ana duba labarinsa, domin a Nuwamba 2019 hukumar ta soke lasisin kamfanonin sarrafa jari 53 a rana guda.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An kwafo jerin kamfanonin kasuwar, ba su kai arba'in ba. Tacewar farko ta sana'a ce. Malam ya ce a fitar da bankunan ruwa, inshora ta al'ada da kamfanin giya, tun da asalin kasuwancinsu ne matsalar. Hakan ya cinye kaso mai yawa, don bankuna sun cika kasuwar: GCB, Ecobank, CalBank, Standard Chartered, Société Générale da sauransu. Abin da ya rage ya haɗa da sadarwa, man fetur, abinci, kayan masarufi, manja da ma'adinai, irin su MTN Ghana, GOIL, TotalEnergies, Fan Milk, Unilever Ghana da Benso Oil Palm.

Tacewa ta biyu ta lissafi ce, bisa ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci: bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin da kamfani ya ajiye a wurin da ke ba da ruwa shi ma kada ya wuce kashi 30, kuɗin shiga daga hanyar da ba ta halatta ba kada ya wuce kashi 5 na dukan kuɗin shiga. Darajar kamfani a kasuwa ita ce yawan hannayen jarinsa sau farashin ɗaya. Wannan sai an sami rahotanni a hannu.

An zaɓi uku don zurfafa bincike. Daga nan za a riƙa kiransu na ɗaya, na biyu da na uku, kada wani ya ɗauki kundin a matsayin shawarar saye. Alƙalumansu kuma an daidaita su, hanyar lissafi ake so a gani.

Laraba, 12 ga Fabrairu

An sauko da rahotannin shekara na 2021, 2022 da 2023 na kowane, da sakamakon wata tara na 2024, daga shafin GSE da shafukan kamfanonin. Data sidi 30. Ba a buga duka ba, an tsamo shafuka 140 kawai, sidi 70.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau an yi kuskure biyu, duka na karatun tebur, kuma sun cinye zaman.

Na farko: an raba ribar kamfani na ɗaya da yawan hannayensa, sai ribar kowane hannu ta fito ƙasa da pesewa ɗaya (pesewa 100 ke yin sidi ɗaya), alhali farashinsa sidi da yawa ne. Har an fara cewa kamfanin ya yi tsada fiye da hankali. Ashe a saman shafin, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta GH¢'000, ma'ana kowane adadi dubbai ne. Inda aka ga 45,200, miliyan 45.2 ake nufi. Yawan hannayen kuwa cikakke aka rubuta shi a wani shafi. An raba dubbai da ɗaiɗai ke nan, amsar ta ragu sau dubu. Daga yau, kafin a kwafi kowane adadi, ana zagaye ma'aunin da ke saman shafi da jan biro.

Na biyu: kamfani na biyu yana da rassa, don haka teburinsa layi huɗu ne a tsaye, biyu na uwar kamfani ita kaɗai, biyu na rukunin gaba ɗaya. Mai kwafin 2022 ya ɗauko na uwa, mai kwafin 2023 ya ɗauko na rukuni, sai ciniki ya yi kamar ya yi tsalle da kashi 40. Mai hannun jari yana da rabo a rukunin duka, saboda haka layin rukuni ake bi a kowace shekara. Da aka gyara, ƙarin bai kai rabin haka ba.

An kuma sauya tsarin karatu. Jawabin shugaban kwamitin daraktoci da hotunan tallafin rijiyoyi suna gaba a rahoto, amma su ne na ƙarshe a wajenmu. Ana farawa da rahoton masu binciken kuɗi na waje, sai shige da ficen tsabar kuɗi, sai kadara da bashi, sai riba da asara, sai bayanan ƙarshe masu lamba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ranar kwatanta riba da tsabar kuɗi. Hajiya mai atamfa a kasuwar Kejetia ce ta fi kowa saurin ganewa, ta ce, "Malam, ai wannan littafin bashi ne. Na sayar, na rubuta riba, amma kuɗin na hannun mutane." Haka abin yake. Ana rubuta ciniki ranar da kaya suka fita, ko an biya ko ba a biya ba.

An mayar da komai kan sidi 100 na ciniki. Kamfani na ɗaya: riba bayan haraji sidi 9, tsabar da aikin yau da kullum ya kawo sidi 12. Wannan lafiya, don ana cire tsufan injina daga riba alhali ba kuɗi ne suka fita ba. Kamfani na uku: riba sidi 8, tsaba sidi 1 kacal, shekara biyu a jere. An bi sawun sauran sidi bakwai ɗin, aka same su wuri biyu: bashin da ake bin 'yan kasuwa, da kaya jibge a sito.

Hanyar auna bashin: a raba abin da ake bin kwastomomi da cinikin shekara, a ninka da 365. Na uku ya tashi daga kwana 38 zuwa kwana 71 cikin shekara biyu. Ko dai yana tura wa dillalansa kaya bashi don ciniki ya yi kyau a takarda, ko kuma wani babban mai saye ya daina biya a kan lokaci. A bayanan ƙarshe akwai tebur da ke kasa bashin bisa daɗewarsa, kuma can aka ga wanda ya wuce kwana 90 ya ninka. Ba a cire kamfanin ba tukuna, an sa masa alamar tambaya har rahoton 2024 ya fito.

Abin da mai saye ya kamata ya riƙe: rabon riba da tsaba ake biyansa. Kamfanin da ke raba abin da bai shigo ba, rance yake ci ya biya.

Asabar, 1 ga Maris

Saboda azumi an mayar da zama ƙarfe goma na safe. An sake kwafe tebur mai tsabta, shafi guda ga kowane kamfani.

Asabar, 8 ga Maris

Abu biyu ne ke sa lissafin kamfanin Ghana ya yaudari mutum: hauhawar farashi da dala.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ba da hauhawar farashi kashi 54.1 a Disamba 2022, 23.2 a Disamba 2023, 23.8 a Disamba 2024. Don haka kamfanin da cinikinsa ya ƙaru da kashi 15 a 2024 bai girma ba. A raba 115 da 123.8, za a sami kusan 0.93, wato ya ragu da kusan kashi 7 a zahiri. Da wannan awo, "ci gaban" kamfani na biyu ya zama tsayawa wuri ɗaya. Inda rahoto ya ba da yawan kaya, kamar lita ko tan ko adadin masu amfani, shi ya fi amana, don farashi ba ya kumbura shi.

Dala kuwa, a farashin tsakanin bankuna ta tashi daga kusan sidi 11.9 a farkon 2024 zuwa kusan 14.7 a ƙarshenta. Kamfanin da ake bi dala miliyan ɗaya ya wayi gari bashinsa ya ƙaru da sidi miliyan 2.8 ba tare da ya ranci ko kwabo ba. Ba rancen banki kaɗai ake dubawa ba. Kamfanonin da uwarsu ke waje sukan karɓi kayan aiki bashi daga 'yan uwansu na rukuni, a dala ko yuro, kuma wannan yana ɓoye a bayanin hulɗa da makusanta da bayanin haɗarin canjin kuɗi. A can ana nuna nawa riba za ta ragu in sidi ya faɗi da wani kaso. Na ɗaya bashin dalarsa kaɗan ne. Na biyu yana da yawa, amma yana iya ɗaga farashi da sauri. Na uku yana da yawa kuma masu gasa sun hana shi ɗagawa.

An yi awon AAOIFI. Na ɗaya: bashi mai ruwa kashi 6, ajiya mai ruwa kashi 18, kuɗin ruwa kashi 2 na kuɗin shiga. Ya wuce. Na biyu ya wuce da ƙyar, bashinsa kashi 28, kuma tun da darajar kasuwa ake rabawa da ita, in farashinsa ya faɗi kaɗan zai ƙetare iyaka.

Alhamis, 13 ga Maris

Mutum biyu sun zaga Kejetia, Adum da Asawase, shaguna 22. Tambaya uku kawai: kayan na tafiya, an ƙara farashi sau nawa bana, kamfani na ba da bashin kwana nawa. Masu shago 14 sun ce kayan na uku sun yi nauyi, mutane sun koma na waje mai araha. Kuɗin mota sidi 40. Shago 22 a gari ɗaya ba ƙasa ba ne, amma ya yi daidai da abin da takarda ta nuna.

Asabar, 15 ga Maris

An karanta rahoton masu binciken kuɗi da jerin manyan masu hannu.

A rahoton masu bincike ana neman abu uku: shin sun amince da lissafin ba tare da togaciya ba, shin sun ambaci shakka kan ko kamfani zai iya ci gaba da aiki, da kuma batutuwan da suka ce sun fi ɗaukar musu hankali. Wannan na ƙarshen taswira ce ta inda daraktoci suka yi ƙiyasi. A na uku, batun farko shi ne ko za a iya karɓo bashin kwastomomi.

Rahotannin shekara a Ghana suna kawo sunayen manyan masu hannu ashirin. Nan ake ganin wa ke da kamfanin da gaske: Danone a bayan Fan Milk, Wilmar a bayan Benso, gwamnati da asusun fansho na SSNIT a GOIL. Amfanin jerin biyu ne. In mutum ɗaya ya riƙe mafi yawa, shi ke yanke rabon riba da kuɗin da ake biyan uwar kamfani na fasaha da suna, don haka a duba nawa ke fita ta wannan ƙofa. Sannan in ashirin ɗin nan sun riƙe kashi 90, abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne.

An tsaya kan darasin Agusta 2017, lokacin da Babban Bankin Ghana ya soke lasisin UT Bank da Capital Bank, GCB ya karɓi ajiyar mutane. UT Bank yana cikin kasuwar hannun jari a lokacin. Masu ajiya sun tsira, masu hannun jari su ne ƙarshen layi. Kasancewar kamfani a GSE yana tilasta masa bayyana lissafinsa, ba ya lamunce wa kowa kuɗinsa. Haka shirin musayar bashin cikin gida da aka fara a Disamba 2022 ya jefa bankuna da dama cikin asara a lissafin shekarar, kuma duk kamfanin da ya tara kuɗi a takardun gwamnati ya ji a jikinsa. Shi ya sa muke tambayar inda aka ajiye tsabar, ba yawanta kaɗai ba.

Asabar, 22 ga Maris

Buɗe asusu ya ba da wahala. Niyyar farko asusu ɗaya ne da sunan ƙungiya, amma dillali ya ce ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta mallakar hannun jari da sunanta. Zuba kuɗin mutum bakwai a sunan mutum ɗaya kuwa an ƙi shi, don in rasuwa ta zo, dukiyar ta shiga gādonsa a idon doka. Kowa zai buɗe nasa, bincike ne kawai na tarayya.

Ana buƙatar Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, hoto, adireshin gida na dijital, da asusun banki ko na waya inda rabon riba zai shiga. Dillali ne ke buɗe wa mutum asusu a ma'ajiyar CSD, inda ake rubuta hannayen da sunansa. An dawo da fom biyu. Ɗaya, katinsa na ɗauke da Mohammed, bankinsa Muhammad. Ɗayan, a kati sunan mahaifi ne a ƙarshe, a banki sunan kaka. Wannan ya zama ruwan dare a Zango, kuma shi ne ke sa rabon riba ya maƙale shekaru. Banki za a je a gyara ya bi kati harafi da harafi. Hotuna da kwafi sidi 85.

Asabar, 29 ga Maris

Ba zama, shirin Sallah.

Asabar, 5 ga Afrilu

Sakamakon 2024 da aka bincika ya fito. Na uku ya ba da mamaki: riba ta ƙaru da fiye da rabi, har wani a zaman ya ce, "Yaya, mun yi masa mummunan zato." An buɗe bayanin "sauran kuɗin shiga", sai ga ribar sayar da fili da tsohon gini. Fili sau ɗaya ake sayar da shi. Da aka cire, ribar ainihin sana'ar ta ragu, bashin kwastomomi ya kai kwana 80. An cire na uku.

Na biyu ma an ajiye shi gefe saboda bashi ya haura kashi 30. Saura na ɗaya. An lura ribarsa ta shekara ta ɗan gaza abin da sakamakon wata tara ya nuna za a samu, domin na wata uku-uku ba a bincika su ba, kuma a ƙarshen shekara ake yawan rage darajar kayan da suka lalace.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kamfani mai kyau a farashi marar kyau asara ne, don haka yau farashi aka auna. Misalin da aka yi a allo: hannu ɗaya sidi 4.00, ribar kowane hannu pesewa 50. A raba, a sami 8: shekara takwas na ribar yau kafin ta biya farashin. Ana kwatanta wannan da na kamfanin kansa a shekarun baya da na masu irin sana'arsa, ba da banki ko kamfanin haƙar zinariya ba. Kuma arahar lamba ba araha ba ce. MTN Ghana ya sayar da hannunsa pesewa 75 a 2018, wasu kamfanoni na sayarwa sidi goma da wani abu, wannan bai nuna wanne ya fi sauƙi ba sai an raba da riba.

Rabon riba pesewa 20 kan sidi 4.00 kashi 5 ne. Ana cire harajin kashi 8 tun daga tushe, saura pesewa 18.4, wato kashi 4.6. In aka kwatanta da hauhawar farashi na sama da kashi 20 a Afrilu 2025, rabon shi kaɗai ba ya kare darajar kuɗi. Dole ribar kamfanin ta riƙa girma.

Kuɗin ciniki: dillalinmu ya ce ladansa da kuɗin hukumomi sun kai kashi 2.5, a saye da kuma a sayarwa. Hannun sidi 4.00 ya tsaya a 4.10, kuma sai farashi ya kai kusan 4.21 kafin a fita ba riba ba asara. Mai saye yau ya sayar wata mai zuwa dillali yake yi wa aiki.

Kowa ya rubuta a takarda: dalilin saye cikin jimla uku, farashin da ba zai wuce ba, da abin da in ya faru zai sayar. Namu: tsaba ta gaza riba shekara biyu a jere, ko bashi mai ruwa ya wuce iyaka. Rabin kuɗi kawai za a sa yanzu.

Talata, 15 ga Afrilu

Mutum biyar sun ba da oda mai iyakar farashi. Ba a samu ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Kwana tara, da hutun Ista a tsakani, oda uku sun cika, ɗaya rabi, ɗaya ko kaɗan. Wannan gibi ne a bincikenmu: mun karanta rahoto na shekara huɗu ba mu duba rahoton cinikin kullum na GSE ba. Da aka koma aka ƙirga kwanakin ciniki 40 na baya, kwana 17 ba a sayar da ko hannu ɗaya na kamfanin ba. Farashin da ake gani a allo na cinikin ƙarshe ne, yana iya zama na makon jiya. A wannan kasuwa MTN ne ke ɗauke da mafi yawan ciniki, da yawa daga sauran sai a yi kwanaki shiru.

Wahalar saye ita ce wahalar sayarwa, kuma ta fi zafi ranar da mutum ke buƙatar kuɗi. Da an san haka tun Fabrairu, da wannan awo ya zo kafin buga ko shafi ɗaya. An ƙara shi a tacewar farko: kwana nawa cikin 40 aka yi ciniki, kuma hannu nawa a rana. Kafin ba da oda a tambayi dillali nawa masu sayarwa ke nema, nawa masu saye ke tayawa, da yawan da ke kowane gefe. Ba a ɗaga iyakar farashi ba.

Asabar, 3 ga Mayu

An duba takardun shaidar ciniki: yawa, farashi da lada sun yi daidai. Kowa ya nemi bayanin asusunsa na CSD ya ga hannayen da sunansa.

An yi bayanin ranakun rabon riba ga biyun da odarsu ba ta cika ba. Sanarwar kamfani tana kawo ranar da hannu ke rabuwa da rabon, da ranar rufe rajista, da ranar biya. Wanda ya saya a ranar rabuwar ko bayanta, rabon na mai sayarwa ne. Kuma sai babban taron shekara ya amince kafin a biya na ƙarshen shekara.

Tsarkakewa: in rabo ya zo sidi 46 kuma kuɗin ruwa kashi 2 ne na kuɗin shiga, pesewa 92 za a fitar sadaka. Malam ya ce akwai masu lissafa shi kan rabon mutum na kuɗin ruwan duka, ko an raba ko ba a raba ba, zai kawo bayani.

Asabar, 10 ga Mayu

Kuɗin da aka kashe kan bincike zuwa yau sidi 225, ban da ladan dillali. Sidi ya fara ƙarfi a kan dala tun ƙarshen Afrilu, don haka za a sake lissafin na biyu, bashin dalarsa zai yi sauƙi in abin ya ɗore. Sakamakon wata ukun farko na 2025 na kamfani na ɗaya an sauko da shi, za a kwatanta da wata ukun farko na 2024, ba da na ƙarshen shekara ba. Mutum biyu za su halarci babban taron shekara da tambaya ɗaya a rubuce, kan kuɗin da ake biyan uwar kamfani. Gyaran suna a banki na mutum ɗaya har yanzu bai fito ba, za a koma ranar Litinin.